Kamfanin da ya tare mana ruwa a ƙarƙashin gida a Greensboro: aiki ya yi kyau, ciniki sai da ido

Ma'aikatan kamfanin nan sun iya aiki, mai tallarsu kuwa ya fi su iya baki. Da na sa hannu a takardar farko da ya miƙo mini, da na biya kusan ninki biyu na abin da gidana yake buƙata. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a maganata. Abin da zan ce dai yana cikin manyan da ke wannan sana'a a tsakiyar jihar North Carolina, irin masu fentin motoci da talla a rediyo. Sun gama mana aiki a ƙarshen 2024, na kuma ƙi rubuta komai sai da lokacin zafi na 2025 ya wuce, domin a wannan ƙasa watan Yuli da Agusta ne ke tona asirin irin wannan aiki.

Wanda bai taɓa zama a gidan katako ba zai yi mamakin yadda daɓe zai lotsa. Mu a Katsina siminti ake zubawa a kan cikon ƙasa, iyakarsa ya tsage. A kudu maso gabashin Amurka kuwa gidaje da yawa, musamman tsofaffi, a ɗage suke kamar rumbu a kan duwatsu. Ana jera ginshiƙan bulo, a ɗora babban gungumen katako a kansu, a gicciya ƙananan katakai a kai, sannan a shimfiɗa daɓen. Sai a kewaye gefen da gajeren bango, a bar 'yan tagogi wai don iska ta riƙa ratsawa. Kogon da ya rage tsakanin ƙasa da daɓe ba ya tsayuwa, da rarrafe ake shiga, wani wurin ma da jan ciki. Nan bututun ruwa da wayoyin lantarki da bututun na'urar sanyaya ɗaki suke bi. Gidanmu ginin shekarun 1970 ne, kogonsa ya kai murabba'in ƙafa 1,400, kuma ƙasan tsirara yake, jan yumɓun nan na yankin Piedmont da ba ya shan ruwa da wuri, in ya sha kuma ba ya saki.

Uwargida ce ta fara lura. Ta ce mai yana taruwa gefe guda a kaskon suya, ƙofar firji kuma tana rufe kanta da kanta. Daga baya ƙofar ɗakin yara ta fara cijewa, tayil ɗin kicin ya tsage a layi ɗaya miƙaƙƙe, sallaya da ke cikin kabad ta ɗauki warin fumfuna ko an turara ta. Da guguwar Debby ta zo da ruwanta a watan Agustan 2024, na buɗe ƙaramar ƙofar kogon na haska tocila, sai ga ruwa kwance ya kai idon sawu a kusurwar baya. Audugar gilashin da aka cusa tsakanin katakai don tare sanyi ta jiƙe ta zazzago tana reto. Na kira kamfanin inshora, suka ce ruwan da ya tsatso daga ƙasa da ruɓewar da ta zo a hankali ba sa cikin yarjejeniyarmu. Haka abin yake a yawancin inshorar gida a nan, ta ambaliya daban ake saye. Nauyi dai ya dawo kan aljihuna.

Dubawar farko kyauta suke yi, kuma gaskiya mutumin da suka turo bai yi ha'inci a dubawar ba. Ya sa rigar leda da abin rufe hanci ya shige, ya daɗe a ciki, ya fito da hotuna masu yawa. Ya soka ma'aunin danshi a jikin katakai ya nuna mini kashi 22 zuwa 25 cikin ɗari, alhali abin da ake so shi ne ƙasa da 19 ko 20, domin daga nan fumfuna ke samun wurin zama, in kuma katako ya daɗe a kusan 30 sai ruɓa ta kama shi. Laimar iskar kogon ta haura kashi 80. Ya kafa na'urarsa mai jan haske a falo ya auna daɓen, tsakiyar kicin ya sauka da inci ɗaya da kwata idan aka gwada da gefen bango. Duk waɗannan alƙaluma daga baya wani ya sake aunawa, sun yi daidai.

Matsalar ta fara ne da ya zauna a kujera ya buɗe kwamfuta. Ya dage sai uwargida ta zauna tare da mu, wai ƙa'idarsu ce duk masu gida su ji bayani lokaci guda. Na gane dalilin daga baya: kada in ce sai na yi shawara da ita. Ya nuna mana bidiyo, ya ce rabin iskar da yara ke shaƙa daga wannan kogo take tasowa. Iska tana tasowa daga ƙasa zuwa sama a cikin gida, wannan gaskiya ne, amma rabin nan a bakinsa na ji, bai kuma auna komai a gidana da zai tabbatar da shi ba. Sannan ya juyo da allon: jak na ƙarfe 12 na tokare daɓe daga ƙasa, magudana a bangon nan huɗu, injin zuƙe ruwa biyu, leda mai kauri, injin tsotse laima, feshin maganin fumfuna, duka dala 31,000. Idan mun sa hannu kafin ya tashi, zai kira manajansa a rage kashi 10. Idan babu kuɗi a hannu, akwai bashin banki, wata 18 ba kuɗin ruwa.

Wannan bashi na karanta takardarsa har ƙarshe. Kuɗin ruwan yana nan ana lissafa shi a ɓoye tun ranar farko, idan wa'adin ya cika da saura ko dala ɗaya a kanka, sai a ɗora maka shi gaba ɗaya. Ga wanda yake gudun riba, sa hannu a kan wannan sharaɗi ma kansa abin dubawa ne, ballantana haɗarin da ke ciki. Uwargida ta ce, "Malam, mu kwana da maganar." Mutumin ya ɓata rai kaɗan ya tattara kayansa. Ga duk wanda aka riga aka ci ƙarfinsa ya sa hannu a falonsa, dokar hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta ba shi kwana 3 na aiki ya soke cinikin da aka ƙulla a gidansa, kuma wajibi ne mai sayarwa ya ba shi takardar sokewar. Rangwamen kashi 10 ɗin kuwa, bayan wata guda da na koma musu yana nan bai tafi ko'ina ba.

Greensboro gari ne da 'yan Nijar suke da yawa, kuma a masallaci na kai kukana wurin wani dattijo Bamaraɗe da ya daɗe yana sayen tsofaffin gidaje yana gyarawa. Ya ce, "Ƙanena, mai sayar da jak ba zai taɓa ce maka jak biyar sun isa ba. Nemo injiniyan gini wanda ba ya sayar da komai, ka biya shi, ya rubuta maka." Na biya dala 500, kuma a duk kuɗin da na kashe babu wanda ya yi albarka kamar wannan. Injiniyan ya gano abubuwa uku da mai tallar ya gani a hoto amma bai tsaya a kansu ba. Ginshiƙi ɗaya a ƙarƙashin kicin ya nutse saboda yumɓun da ke ƙasansa ya yi laushi. 'Yan guntayen katakon da magina suka cusa tsakanin ginshiƙai da gungume sun murƙushe. Sannan wani mai gyaran famfo a can baya ya yanke kusan rabin katako biyu don bututun banɗaki ya wuce. Sauran katakan duk da baƙin da suka yi lafiyarsu ƙalau, ya soka musu sukudireba bai shiga ba. Ya rubuta jak 5 da ƙarin gungume ɗaya, a haɗa wa katakan da aka yanke sababbi a gefensu a ɗaure da kusoshi masu noti, a canza guntayen katakon da na ƙarfe. Magudana kuma bango biyu kawai, na baya da na gefen tudu.

Shi ne kuma ya fitar da ni waje ya nuna mini inda ruwan yake fitowa. Indararon rufin gidan guda biyu a gindin bango suke zubarwa, ƙasar bayan gida kuma ta karkato wajen ginin. Ƙa'idar gini ta ce ƙasa ta gangara nesa da gida da inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko, tawa akasin haka take. Garin nan yana samun ruwan sama fiye da inci 40 a shekara, kuma ba damina ɗaya ba ce a huta, kowane wata ana yi. Rufin gida guda yana tara ruwa mai yawan gaske, ni kuma nawa duk a gindin harsashi yake juyewa. Wannan gyara ni da ɗana muka yi shi da shebur da baro da bututun roba, bai kai dala 400 ba. Ruwan da aka yi bayan nan bai kwanta a kogon kamar da ba, tun kafin kamfanin ya taɓa komai. A takardar dala 31,000 babu layi ɗaya a kan indararo.

Inda na yarda da kamfanin ɗari bisa ɗari shi ne shawararsu ta a toshe tagogin kogon. Da farko hankalina ya ƙi ɗauka, domin mu mun taso da cewa iska ke busar da abu. Tsohuwar ƙa'idar ma haka ta ce, murabba'in ƙafa ɗaya na taga ga kowane 150 na filin kogo. Amma iskar hunturun Katsina daban, ta Yulin North Carolina daban. Iskar da zafinta ya kai digiri 30 da laima kashi 70, da zarar ta taɓa abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 24 sai ta zubar da raɓa. Kogon ƙarƙashin gida kuwa wuri ne mai sanyi, ga bututun na'urar sanyaya ɗaki yana ratsa shi. Ashe tagogin nan ruwa suke shigowa da shi, katako yana sha, yana laushi, yana lanƙwasa a hankali ƙarƙashin nauyin firji da kabad. Wata cibiya a Raleigh mai suna Advanced Energy ta gwada wannan a farkon shekarun 2000 a gidaje 12 iri ɗaya a garin Princeville, wanda ambaliyar guguwar Floyd ta cinye a 1999. Waɗanda aka bar tagoginsu a buɗe laimarsu ta riƙa haura kashi 80 a lokacin zafi, waɗanda aka rufe suka zauna a bushe, har ma wutar da suke ci wajen ɗumama da sanyaya gida ta ragu da wajen kashi 15. Yanzu dokar ginin jihar ta amince da rufaffen kogo, da sharuɗɗansa.

Na koma wa kamfanin da takardar injiniya. Ba su ji daɗi ba, amma ba su yi gardama da hatimin injiniya ba. Muka tsaya a dala 17,000 da 'yan kai, kashi uku za a biya, na ƙarshe sai jami'in duba gini na birni ya amince. Kuɗin kuwa da ajiya da kwasar adashi aka haɗa.

Ma'aikatan su huɗu ne, yawancinsu Sifaniyanci suke yi a tsakaninsu, shugabansu mutum ne mai ƙarancin magana. Na ga wahala a rayuwata, amma haƙa rami a kwance da guntun shebur, a wurin da kai ba ya ɗaguwa, a riƙa turo yumɓu waje a bokiti, wannan sai na sara musu. Sun fara da kwashe jiƙaƙƙiyar audugar da tarkacen da magina suka bari tun zamanin da aka yi gidan, har da gwangwanayen lemo. Suka haƙa kwata a gindin bango biyu, suka shimfiɗa bututu mai huji-huji, suka rufe da tsakuwa, suka karkata shi zuwa wani rami a kusurwa mafi gangare inda injin zuƙe ruwa yake zaune. Injin yana da batir na ko-ta-kwana, kuma kada kowa ya yarda a cire wannan don rage kuɗi, tunda ranar da ake ruwa mai ƙarfi ita ce ranar da bishiya ke faɗa wa wayar lantarki. Ledar da suka shimfiɗa mai kaurin rabin milimita ce, wadda suke kira mai lamba 20. Doka lamba 6 ta nema, amma wannan siririyar gwiwar mai gyaran famfo ɗaya ta isa ta huda ta. Sun ɗora kowane gefe a kan ɗan'uwansa sun manne, sun naɗe kowane ginshiƙi, sun hau da ita jikin bango sun kafe. Na shiga bayansu da tocila ina neman inda aka yi algus a can lungun da ba wanda zai duba, ban samu ba.

Ɗaga daɓen shi ne abin da na fi jin tsoro. Kowane jak sai da aka haƙa masa rami aka zuba kankare, aka bar shi ya kama, domin jak a kan yumɓu tsirara nutsewa zai yi kamar ginshiƙin da ya gabace shi. Shugaban ya ce ba za su murɗa shi gaba ɗaya a yini guda ba, katakon da ya shekara da shekaru yana lanƙwasa ba ya miƙewa da ƙarfin tsiya, bangon sama ne zai tsattsage. Suka ɗaga kaɗan, suka tafi, suka dawo bayan katakan sun fara bushewa suka ƙara. Duk da haka bango ya tsage a saman ƙofa biyu, kuma gyaran wannan a kaina yake, takardar ta faɗa ƙarara. Daga inci ɗaya da kwata, lotsawar ta koma kamar kwatan inci. Shugaban ya ce zai iya ƙarawa amma tayil ɗin banɗaki zai tashi, ya bar mini zaɓi, na ce a tsaya nan. Na ji daɗin wannan gaskiyar, domin mai tallar cewa ya yi daɓen zai koma kamar ranar da aka gina shi. Ƙofar ɗakin yara tana rufuwa yanzu, kwanuka sun daina kaɗawa a kabad idan mutum ya wuce.

Ƙorafina yawanci a kan ofis yake. Sun ɗaga ranar fara aiki har na yi asarar hutun da na ɗauka a wurin aiki, kuma saƙon waya kawai aka turo da daddare. Ba wanda ya gaya mini cewa injin zuƙe ruwa da na tsotse laima suna buƙatar sabon layin wuta da soket na musamman, sai da aka zo haɗawa, na nemo mai lantarki na biya dala 900 da ba ta cikin lissafi. Takardar izinin gini ma sai da na matsa. Wani a ofishin ya ce aikin bai kai dala 40,000 ba don haka ba a buƙata, alhali wannan sassaucin bai shafi aikin da ya taɓa abin da ke ɗauke da nauyin gida ba. Da jami'in ya zo kuwa ya kama kuskure ɗaya na ma'aikatan: a bango guda sun kai leda da allon tare zafi har jikin katako. Dokar jihar ta ce a bar tazarar inci 3 zuwa 4 a saman bango a fili, don mai duba gara ya iya ganin hanyar da take ginawa idan ta hau. Gara a nan ba wasa ba ce, kuma kamfanin feshin da ke ba ni garanti zai iya janyewa idan aka rufe masa wurin dubawa. Sun dawo sun yanke ba tare da musu ba. Bututun da ke fitar da ruwan injin kuma sun ajiye bakinsa daf da shingen maƙwabciyata, wata tsohuwa mai son furanninta, sai da na sa suka karkatar da shi wajen titi kafin zumunci ya ɓaci.

Abu biyu da ba su ambata ba, injiniyan ne ya tuna mini. Idan akwai tukunyar ɗumama ruwa ko injin ɗumama gida mai aiki da gas a cikin kogon, rufe shi ba tare da tanadin iska ba haɗari ne ga rai. Namu na lantarki ne, mun tsira daga wannan. Na biyu iskar radon, wadda ke tsatsowa daga ƙasa ba wari ba launi, kuma ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa kansar huhu a Amurka. Hukumar kare muhalli ta EPA ta ce a ɗauki mataki idan awo ya kai lamba 4 a ma'aunin radon. Na sayi abin gwajin mai araha bayan an rufe kogon, namu ya fito ƙasa da haka.

Na rataye ƙaramin ma'aunin laima a kogon mai turo saƙo a waya. Duk tsawon Yuli da Agustan 2025 bai wuce kashi 55 ba, katakan kuma sun sauko zuwa 12 da 13. Warin kabad ya tafi. Injin tsotse laimar yana da 'yar ƙara da ake ji a ɗakin da ke samansa idan dare ya yi tsit, kuma yana cin wutarsa, don haka ban ga wani ragi a takardar lantarki da zan yi alfahari da shi ba. Daɓen dai ya daina sanyin ƙafa a watan Janairu, wanda mai tashi alwalar asuba zai san darajarsa.

Garantin da suke kira na har abada sai an karanta shi da tabarau. Na jak da na magudana yana bin gidan ko an sayar, wannan yana da amfani. Na injuna 'yan shekaru ne, kuma wani sashe yana rataye da cewa su za su riƙa zuwa dubawa kowace shekara a kan dala 250. Na biya na shekarar farko don in ga me suke yi: sun canza matatar injin, sun zuba bokitin ruwa a ramin don su ga ya tashi, sun gwada batir, sun duba jak. Duk wannan ina iya yi da kaina, matatar ma ana sayar da ita a intanet. Zan ci gaba da biya har garantin injunan ya ƙare, daga nan in karɓi aikin. Alhajin nan Bamaraɗe ya riga ya karɓi lambar shugaban ma'aikatan, ya ce yana da wani gida a High Point da kicin ɗinsa ya fara karkata.